Sashe da Kwalaben Uwar Sauro

In aka tambayi Uwar Sauro inda ta fara ganin Sashe, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "A bakin ƙofa." Ba ta ƙarawa. Amma a ranta tana iya zayyano har kalar takalminsa.

Ranar rajistar sababbin ɗalibai ce a makarantar masu neman digiri na biyu da na uku. Ta iso da akwati a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da wani ludayi mai dogon mariƙi kamar sanda. Tana shirin shiga ginin kwanan ɗalibai sai wani dogon saurayi sanye da baƙar kwat, ana zabga rana kamar ta dafa mutum, ya tare ta da ɗan littafi a hannu.

"Malama, dakata. Sashe na goma sha biyu, ƙaramin sashe na uku. An haramta girki a ɗakunan kwana."

Ta dubi ludayin, ta dube shi. Ta ɗauka wani babba ne daga ofishin kula da ɗalibai, har ta ɗan rusuna. Kafin ta buɗe baki sai Baba Maigadi ya leƙo ta tagar ɗakinsa.

"Kai mai kwat, ina katinka?"

"Ai ban karɓa ba tukuna, Baba. Yanzu na yi rajista."

"To koma waje. Littafin naka bai gaya maka ba a shiga ba kati ba?"

Ashe shi ma sabon shiga ne, a mota ya haddace dokokin makarantar. Ya fita yana gyara wuyan kwat kamar shi ya sallami kansa, sannan ya juyo ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Maganar ludayin nan, kada ki damu. Ban gani ba."

Ta toshe baki da gefen mayafi. Daga wannan rana ta shiga uku, ita kanta ta sani.

Kafin zango ya ƙare sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Sashe, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka sashen da ya halatta ta. Ita kuma aka sa mata Uwar Sauro saboda aikinta. Da ludayin nan take bin kwatoci da tsofaffin tayoyi da duk inda ruwa ya kwanta, tana ɗebo 'ya'yan sauro tana zubawa a sifirit, barasar nan ta ɗakin gwaje-gwaje, don kada su ruɓe. Ɓangaren karatunsu ya daɗe yana alkawarin sayo gilasan ajiya, don haka a wankakkun kwalaben maganin tari take ajiye su, masu duhun nan da ba a ganin cikinsu sosai. A kowace kwalba takan jefa 'yar takarda mai sunan wurin da ta yi ɗiba. A ciki ake jefawa don ta waje ɓallewa take, kuma da fensir ake rubutawa don sifirit cinye tawada yake.

Duk makarantar an san aikinta, ban da Sashe. Shi bai taɓa yi wa mutum tambayar da bai riga ya shirya amsarta ba. Har yanzu ya yi imani girki take yi a ɓoye, kuma rufa mata asirin da yake yi shi ne babbar shaidar ƙaunarsa.

Ƙaunar ma da harshen doka yake yinta. Duk inda suka haɗu sai ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙorafin da na shigar gabanki fa?"

Ita kuma, da magana ke yi mata nauyi kamar dutse, jimla ɗaya ta iya: "Kwamiti bai zauna ba."

Abokiyar ɗakinta, Anti Lissafi, mai 'ya'ya uku da digiri na uku da ya ƙi ƙarewa, takan tafa hannu ta ce, "Ke kuwa ƙanwata, duk mazan duniyar nan kin rasa wanda za ki so sai rediyo mai kwat?"

"Ni na ce ina son sa?"

"Ba ki ce ba. Kunnenki ne ke miƙewa in an ji ƙarar takalminsa."

Ana nan sai kujerar wakilin ɗalibai a kwamitin ladabtarwa ta zama babu kowa. Sashe ya ce wannan kujera tun ran gini da sunansa aka sassaƙa ta. Matsalar ɗaya ce: ɗaliban nan ba sa laifi. Mutane ne gajiyayyu, rabinsu iyaye, wasu har da jikoki, babban ta'addancinsu shi ne barci a ɗakin karatu. Sashe ya ce ba rashin laifi ba ne, raunin doka ne.

Ya kira taron ɗalibai da tsakar rana, fanka na juya iska mai zafi. Ya ce tsohuwar dokar barasa wasan yara ce, tunda sai an kama mutum yana sha. Ya karanto tasa: duk wanda aka samu da barasa ko danginta a wajen ɗakin gwaje-gwaje, a hannunsa, ko a ɗakinsa, ko a ajiyarsa, ko aka ji warinta a jikinsa, to kora ce. Ba a tambayar niyya, ba a sauraren uzuri. Abin da aka kama a zubar da shi nan take a gaban jama'a, kuma shari'ar a buɗe za a yi ta kowa ya gani.

Ya yi ta jawabi har mutane suka yi tagumi, tagumin ya zama gyangyaɗi. Da aka zo ƙuri'a shi ya ƙirga hannuwa, ya ce doka ta wuce. Ofis ma bai ɓata lokaci ba ya buga hatimi, don wa zai so a ce shi ne ya tsaya wa giya?

Saura mai laifi.

Na farko da ya kama wani ɗalibi ne da ke tafe a baranda yana tangaɗi, ido jajir, yana magana shi kaɗai. Sashe ya sha gabansa.

"Malam, huro min iskar bakinka."

"Daga wajen sufabaiza nake, malamin da ke duba kundina. Ya ce in sake babi na biyu, in mayar da shi yadda yake kafin ya ce in sake shi bara. Matsa ko in huce a kanka."

Da ƙyar aka ɓamɓare hannun mutumin daga wuyan kwat.

Na biyu Kawu ne, wani hedimasta da ya kusa ritaya, mai yawo da gora a ƙarƙashin hammata yana kurɓa yana yamutsa fuska. Sashe ya ce a buɗe gora.

"Ɗana, magani ne."

"Haka kowa ke cewa, Kawu."

"To ɗanɗana, tunda kai ne hukuma."

Sashe ya yi kurɓa uku don tabbatar da hujja. Maganin wankin ciki ne. Yinin ranar a guje aka riƙa ganinsa tsakanin ɗaki da banɗaki, kwat a kafaɗa. Baba Maigadi na zaune yana yi masa sannu duk wucewa.

"Ranka ya daɗe, wane sashe ne wannan?"

A makon ne aka ce masu duba makarantu za su zo, aka shiga fentin ɗakin gwaje-gwaje, aka ce a kawar da duk abin da zai ba da kunya. Malamin da ke duba aikin Uwar Sauro, yana jan akwati zai tafi taro wata ƙasa, ya ce mata, "Ki kai su ko'ina, kada dai baƙi su ga kwalaben tari." Ta shirya su a kwali, ta kai ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin bene, tsakanin ɓangaren maza da na mata, ta rufa musu tsohon labule.

Aikin damina biyu ne a kwalin nan. In malaminta ya dawo za ta kare kundinta, kuma mai jarrabawar da za a turo sai ya ga 'ya'yan sauron da idonsa. In babu kwalaben, babu digiri, sai dai ta ɗauki ludayi ta koma kwata ta jira sama ta yi ruwa.

Da ta leƙa bayan kwana biyu, labule kawai ta tarar.

Tana zaune a kantin ɗalibai, shayi ya huce a gabanta, sai ga Sashe. Wandonsa caɓo har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, wari kuwa ya riga shi shigowa. Baki har kunne.

"Ranki ya daɗe, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo! Na bankaɗo su."

"Su wa?"

"Gungu ne guda. Kwali cike, a ƙarƙashin bene. Hancina ne ya kai ni. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na sansana, wata ma ta ɓare a kwat ɗina. Zallarta ce, har da wasu ƙananan abubuwa a ƙasa, haɗi ne don ta ƙara bugarwa."

"Sashe, kwalaben nan..."

"Na sani, kin tsorata. Mace mai tarbiyya dole ta tsorata. Amma ji wayonsu. A cikin kwalbar suke ɓoye adireshin inda za a kai kaya. Na haska da tocila na kwafe." Ya zaro takarda. "'Tsohuwar taya, bayan garejin makaniki, da safe.' Kin ji? 'Kwatar bayan asibiti, ƙarƙashin gada.' Da fensir, don a goge in asiri ya tonu."

"Ka je wuraren?"

"Duka! Makanikin ya ga ina lalube a tayoyinsa ya sako min kare, wanda ke nuna da hannunsa a ciki. A kwatar kuma na tsaya ina jiran dillalin, ƙasa ta zame. Sauro kuwa, ranki ya daɗe, kamar su ma an saye su."

"Don Allah ka saurare ni..."

"Rubutun ma kin gan shi? Ƙanana, a karkace, suna ɓoye fuska. Na yi nazarin halayyar ɗan Adam. Wannan hannun mutum ne marar imani, mai ƙaton ciki, wanda bai taɓa son kowa ba."

Ta dubi yatsunta. Ina zai san rubutunta, ita da ba ta taɓa amsa masa ko wasiƙa ɗaya ba? Kafin ta tattaro kalmomi ya miƙe yana ɗingishi, ya ce gobe za ta ga aiki.

"Ki je ki gaya masa mana!" in ji Anti Lissafi da ta ji labari.

"Anti, in na ce nawa ne, dokarsa ta ci ni. A ajiyata suke, a wajen ɗakin gwaje-gwaje. Kora ce."

"In kin yi shiru kuma a zubar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kin ga abin da so ke jawowa? Da kin so mai rake ma da yanzu baki na zaƙi."

Washegari Sashe ya sa aka tara ɗalibai a baranda, ya zo da shugaban masu tsaro. Ya ce za a binciki kowane ɗaki don gano sauran kayan, kuma saboda adalci da nasa za a fara. Ya shiga da kansa, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya dire a tsakiyar jama'a kamar mafarauci ya kawo zaki.

"Ga hujja!"

Shugaban masu tsaro ya sosa ƙeya. Mutum ne mai sanyin magana.

"Malam, daga ɗakin wa wannan ya fito?"

"Nawa. Amma ai..."

"A hannun wa yake?"

"Nawa. Ajiyewa na yi."

"Ajiyarka ke nan." Ya matso ya shaƙi kwat ɗin, ya ja baya yana tari. "Wari ma ga shi. Hannu, ɗaki, ajiya, wari. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin wanda ya cike doka tsaf haka ba."

"Yallaɓai, niyyata..."

"Ba a tambayar niyya."

"Ina da uzuri!"

"Ba a sauraren uzuri," in ji baranda gaba ɗaya, murya ɗaya kamar 'yan firamare. Kawu har da ɗaga gora.

Ranar shari'a ɗakin taro ya cika, wasu a taga, wasu a kan tebur. Mutanen da ba a taɓa gani a lacca ba duk sun hallara. Shugabar kwamiti wata tsohuwar farfesar tarihi ce mai tabarau a ƙarshen hanci, a gefenta malamin akanta da malamin falsafa, ba wanda ya taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje a cikinsu. Kwalin na kan tebur, bokiti a ƙasa, masinja na tsaye kusa da shi. Uwar Sauro ta maƙale a layin baya kusa da Anti Lissafi, idonta a kan bokitin.

Farfesa ta ce, "Wane ne mai ƙara?"

Sashe ya miƙe. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wanda ake ƙara fa?"

Ya tsallaka ɗaya kujerar. "Shi ma ni ne, bisa kuskure."

"Madalla, mun huta da jiran wani. Kuna jituwa dai ko?"

Daga nan aka shiga kallo. Sashe mai ƙara ya ce a yi hukunci mai tsanani don ya zama darasi. Ya ruga ɗaya kujerar ya ce bai amince ba. Ya dawo ya ce rashin amincewar ba ta bisa ƙa'ida. A zagaye na gaba ƙafarsa ta harɗe da kujera, ya faɗi, ya tashi yana cewa a rubuta cewa an ture shi.

"Wa ya ture ka, ɗana?"

"Ɗaya ɓangaren."

Malamin falsafa ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa.

Sashe ya karanto adireshin gungun, ya kwatanta shugabansu mai ƙaton ciki, ya nuna cizon sauro a wuyansa a matsayin raunin da ya samu a bakin aiki. Farfesa ta saurara har ya gaji, sannan ta duba takardar dokar.

"To. Kafin mu kore ka, doka ta ce a zubar da kayan a gaban jama'a. Masinja, bismilla."

Masinja ya ɗauki kwalbar farko ya murɗe murfi. Uwar Sauro ta gane ta tun daga nesa, ta tsohuwar tayar nan ce, wadda ta sha ruwan sama kafin ta samu. Ya karkata ta kan bokiti.

"Wayyo 'ya'yana!"

Masinja ya tsaya da kwalba a sama. Duk wuyan da ke wurin ya juya baya. Ita kanta Uwar Sauro waige-waige take tana neman wadda ta yi ihun, ashe daga bakinta ya fito.

Sashe ya dube ta. Ya dubi kwali. Ya dubi takardarsa mai taya da kwata, ya ɗaga kai sama kamar mai hango wani dogon ludayi a rufin ɗaki. A karon farko tun da aka san shi, bakinsa ya buɗe ba abin da ya fito.

Sai kuma ya fito, kuma da bai fito ba da ya fi.

"Nawa ne!" Ya daki ƙirji. "Ranki ya daɗe, babu wani gungu. Ni ne gungun. Ni nake sha, safe da yamma. Wannan baiwar Allah ba ta san komai ba, zafi ne ya taɓa ta. A kore ni ni kaɗai!"

"Kai kake sha?" in ji Farfesa.

"Kamar ruwa."

"Har da abin da ke kwance a ƙasan?"

"Shi ne ma daɗin."

"To tunda abin sha ne, magana ta ƙare. Masinja, zubar."

Anti Lissafi ta dafe kai. "Kin gani? Ko taimako ya tashi yi sai ya haɗa da gobara. Tashi, ko in tashe ki da mari."

Uwar Sauro ta miƙe. Ta bi ta tsakiyar mutane har gaban tebur, ta karɓi kwalbar daga hannun masinja, ta mayar da murfin, ta rungume ta. Muryarta ta fito siririya, sannan ta yi ƙarfi. Ta ce nata ne. Ta faɗi abin da ke ciki, da dalilin fensir, da fentin da ya kore su daga ɗakin gwaje-gwaje. Ta tsiyaya kaɗan a murfi ta miƙa. Farfesa ta gyara tabarau ta leƙa.

"Ikon Allah. Waɗannan ne haɗin?" Ta dubi Sashe. "Wannan kuma ita ce mai ƙaton cikin?"

Dariya ta fashe har tagogi na rawa. Wani daga waje ya ce, "Wadda ba ta taɓa son kowa ba!" Sashe ya nutse cikin kwat.

Farfesa ta buga tebur. Fuskarta ta daina wasa.

"'Yata, na yarda da ke. Amma takardar nan ta ɗaure min hannu. Dangin barasa ne, a ajiyarki, a wajen ɗakin gwaje-gwaje. An ce kada in tambayi niyya, kada in saurari uzuri. Ban san wane mai basira ya rubuta ta ba, amma ko ɓera bai bar wa ƙofa ba. Kora ce, kuma a zubar."

Uwar Sauro ta ƙara ƙanƙame kwalbar. Ba ta dubi kowa ba.

"Ranki ya daɗe." Muryar Sashe ce, amma ta rage tsawo. "Sashe na huɗu. Ba a gyara doka sai rabin ɗalibai sun ɗaga hannu a taro."

"An ce sun ɗaga."

"Ni na ƙirga."

"To?"

Ya dubi takalminsa. "Waɗanda suka yi tagumi suna barci, hannunsu ai a sama yake, ta wata fuskar. Na sa su."

"Ci gaba."

"Da mai sharar da ta miƙa hannu za ta kashe fanka."

"Sai wa?"

"Kawu ya yi miƙa. Hannu biyu. Na ƙirga duka."

Kawu ya miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Ashe har ƙuri'a biyu na jefa ina barci!"

"In aka cire waɗannan, su wa suka rage?" in ji Farfesa.

"Ni." Sai tsohon halin ya motsa, ya gyara wuyan kwat. "Saboda haka, ranki ya daɗe, wannan doka haramtacciya ce tun daga tushe, kuma duk wanda ya kawo ta ya yaudari taro, ya ci amanar ɗalibai, ya cancanci hukunci a ƙarƙashin sashe na tara. Ina ƙalubalantar kowa ya musa!"

"Ba mai musawa, ɗana. Ka yi nasara. Zauna a kujerar can ta biyu."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. An soke sabuwar doka, an koma tsohuwa. An mayar wa Uwar Sauro kwalinta, tare da umarnin a ba ta kabad mai makulli ko da baƙi za su suma. Shi kuma Sashe, saboda ƙuri'ar masu barci da ɗaukar kayan binciken da ba nasa ba, an dakatar da shi zango guda, an kuma haramta masa takarar kowace kujera, har da ta mai kashe fanka.

Da yamma ta same shi a bakin ƙofar nan ta farko, jaka a kafaɗa, ya miƙa wa Baba Maigadi katinsa. Tana rungume da kwalin, don ta rantse ba za ta sake ajiye shi ba sai a kabad. Anti Lissafi da Kawu da wasu 'yan kallo suna bene suna leƙe.

"Kin ga yadda na rusa dokar nan?" in ji shi. "Cikin mintuna kaɗan. Farfesar ma ta girgiza."

"Na gani."

Ya sauya wa jakar kafaɗa. Ya dubi ƙasa. "Ludayin nan... ba na girki ba ne ke nan."

"A'a."

"Duk zaman nan ina rufa miki asirin da babu shi." Ya yi ajiyar zuciya. "Me kike nema a jikin 'ya'yan sauron ne ma?"

Ta ɗaga kai da sauri. Tambaya ce ta gaske, ba shi da amsarta. Ta ji wani abu ya narke a ƙirjinta.

"In ka dawo zan gaya maka. Da tsawo."

"To. Ƙorafin nan nawa kuwa, na san yanzu an yi watsi da shi, bisa..."

"Kwamiti ya zauna," ta ce a hankali.

Baba Maigadi ya sa hannu a bayan kunne. "Me ta ce? 'Yata, ɗaga murya, mu shaidu ne. Yau ai mun ji kina da ita."

Ta gyara riƙon kwalin, kwalabe suka yi ƙara. Ta dubi dogon nan mai wandon da caɓo bai gama fita ba, ta ce da ƙarfin da har na kan bene suka ji:

"Na ce kwamiti ya zauna! Ka je ka yi zangonka, zan jira ka. Na yi alkawari, in ka dawo zan aure ka. Amma dokar gidan ni zan rubuta, kuma ni zan ƙirga hannuwa."